Wa Ya Koya wa Sankira Nomau Karatu?

To, ku gyara zama. Kai mai rediyo, kashe ta, yau ni ne rediyon. Labari zan ba ku, amma da sharaɗi: in na gama sai kun yanke mini hukunci, don ni na daɗe ina juya maganar nan a raina ban sami matsaya ba.

A wani gari da ake kira Kwarin Madaci an yi wani sankira, wato mai shelar dagaci, sunansa Nomau. Gangar shela wurin ubansa ya gaje ta, ubansa kuma wurin kakansa. Allah ya ba Nomau murya. In ya tsaya bakin kasuwa ya doki ganga ya ce, "Ku saurara, jama'a!" har kajin unguwar gabas sai sun daina tono. Shekara talatin yana wannan aiki, kuma yadda aka saba shi ne dagaci ya faɗa masa saƙo da baki, shi kuma ya zaga unguwanni biyar na garin yana faɗa.

Sai dai Nomau yana da wani hali. Ba ya iya barin saƙo yadda aka ba shi. A ganinsa rowa ce ka kai wa mutane magana gayanta, ba mai ba gishiri. A unguwa ta farko zai faɗi abin da aka ce masa. A ta biyu ya ɗan ƙara. Kafin ya kai ta biyar saƙon ya yi ƙibar da mai shi ma ba zai gane shi ba. Tsohon dagaci ya san da haka, mutanen gari ma sun sani, kowa yakan zubar da rabi ya ɗauki rabi, ana zaune lafiya.

Da tsohon dagaci ya rasu aka naɗa ɗansa, mutum ne da ya yi boko, mai son komai ya tafi a kan tsari. Ran nan ya ce wa Nomau ya sanar cewa ranar Talata mai allurar shanu zai zo, mutum ɗaya, a kan babur. A unguwa ta biyu mutum ɗaya ya zama uku. A ta huɗu da mota za su zo, har jakuna da awaki za su duba. A ta biyar kuwa likitoci ne mota guda daga birni, masu cire haƙori da gyaran ido, kuma duk wanda ya zo da wuri akwai shayi. Ko an zubar da rabin wannan, abin da ya rage ya isa tashin hankali. Ranar Talata bawan Allah mai allura ya iso da 'yar jakarsa, ya tarar da mutum ya fi ɗari uku a ƙofar dagaci, tsofaffi dafe da muƙamuƙi, wata da kyanwarta a ƙunshe cikin zane, wasu riƙe da kofunansu. Ko sauka daga babur bai yi ba, ya juya. Shanun ma ba a duba su ba.

Dagaci ya ji kunya ƙwarai. Ya kira Nomau ya ce, "Baba Sankira, daga yau an daina saƙon baki. Zan rubuta, ka karanta abin da ke takarda, ba ƙari ba ragi. Ka iya karatu?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, har takardar shaida gare ni."

Ba ƙarya ya yi ba. Ya taɓa zama ajin yaƙi da jahilci wata huɗu, shekara ashirin da biyar da suka wuce. Ya san haruffa, amma irin sanin da mutum ke yi wa dangi na nesa, waɗanda sai an gaisa an jima kafin sunan ya faɗo.

Washegari da hantsi aka ba shi takarda ta farko, layi shida kacal. Ya tsaya bakin kasuwa, ya doki ganga, ya buɗe wannan murya tasa ya ce, "Sa! Na! Sana! Sanar!" Ya tsaya ya share gumi. Jama'a suka jira. Wasu suka je suka sha fura suka dawo, suka same shi a layi na biyu. Sai bayan la'asar ya kai ƙarshe, a nan aka gane cewa takardar kira take yi a hallara ƙofar dagaci da azahar. Dagaci ya zauna shi kaɗai a kan tabarma har ya gaji ya shiga gida.

A ranar dagaci ya yanke magana. Ya ce ya ba Nomau kwana arba'in. Ranar kasuwar da ta biyo baya zai miƙa masa takardar da bai taɓa gani ba. In ya karanta ta daidai, mutane suka gane, ganga tasa ce. In ya kasa, ya ajiye ta, a sa magatakardan dagaci ya riƙa zagawa da lasifika a kan babur.

Ku daina dariya haka, don shi Nomau ranar bai yi dariya ba. Ya koma gida ya kasa cin tuwo. Ba wai ganga ce ke ciyar da shi ba, yana da gonarsa. Abin da ya dame shi shi ne a ce abin da kakansa ya riƙe, ubansa ya riƙe, a hannunsa ya bar gidan. Ya ji tsoro, ya ji kunya, kuma yana da shekara sittin bai san ta inda zai fara ba.

Na farkon da ya kawo masa ɗauki shi ne Malam Cindo, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, abokinsa tun suna yara. Malam Cindo ya sa shi ya karanta layi uku, ya saurara, sannan ya ce, "Nomau, ciwonka biyu ne. In ka tsaya haɗa kalma, sai ta ci maka rabin yini. In ka gaji, sai ka kalli kanta kawai ka ƙirƙiro mata jiki. Halinka na shela ka kawo cikin karatu." Ya tattaro kwalayen sukari daga mai shago, ya yayyanka, ya rubuta kalmomin da ba a raba shela da su, irin su sanarwa, gobe, jama'a, kasuwa, dagaci, taro. Ya bi gidan Nomau yana ratayawa, ɗaya a ƙofar zaure, ɗaya a bakin randa, ɗaya a rumbu, har da wuyan akuya. Dokarsa ita ce Nomau ba zai wuce ƙofa ba, ba zai sha ruwa ba, sai ya faɗi kalmar da ke wurin da kallo ɗaya, yadda mutum ke gane fuskar maƙwabcinsa ba tare da ya duba hanci daban, kunne daban ba. Akuya ta cinye "dagaci" har sau biyu, aka sake rubutawa. Kalmar da ta fi ba shi wuya, wato "rigakafi", Malam Cindo ya rataye ta a ƙofar banɗaki, kuma cikin kwana ɗaya Nomau ya san ta fiye da sunansa. Ga kalmar da bai taɓa gani ba kuwa, ya koya masa ya sa babban yatsa a ƙarƙashinta, ya bi ta gaɓa gaɓa har wutsiya, kada ya buɗe baki sai ya ga ƙarshenta.

Kwana goma sha biyar ana wannan. Nomau ya daina ƙirƙira, duk kalmar da ya faɗa ita ce a rubuce. Amma fa kowace kalma shelarta daban yake yi. "Ana! Sanar! Da! Jama'a!" Tsakanin kalma da kalma mutum zai iya zuwa rijiya ya dawo. Malam Cindo ya ce shi dai ya yi nasa, sauran sai a hankali, ga shi kuma kwanakin ba a hankali suke tafiya ba.

Ta biyu ita ce Tabawa mai dakau, taubashiyar Nomau, wadda gidanta ke bayan nasa. Tabawa ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Kunne kawai gare ta, da baki. Ran nan ta leƙo ta katanga ta ce, "Kai bawan gidanmu, wannan karatu ne ko dai buhuna kake saukewa daga mota? Kajina sun daina ƙwai saboda kai."

Nomau ya ce, "Ke da ba ki san gaban takarda da bayanta ba, ina ruwanki?"

Ta ce, "Ban sani ba, amma na san yadda hannu ke koyon aiki. Gobe da safe ka zo da takardarka."

Takardar da Nomau ya samu ita ce wadda aka ƙunso masa ƙosai a ciki, wani yagaggen shafi mai bayanin yadda ake adana wake kada ƙwari su ci. Tabawa ta zaunar da shi gefen turmi, ta zuba gero, ta ce ya fara, ita ma ta fara surfe. Ranar farko ta surfe turmi uku kafin ya kai ƙarshen shafin. Ta ce ya koma farko. Ya ce ai ya karanta. Ta ce ita ma ta daka jiya, kuma ga ta yau tana daka. Haka ya yi ta maimaita shafi ɗaya, taɓarya na sauka yana bin ta, in ya tsaya ta tsaya ta zuba masa ido har sai ya ji kunya ya ci gaba. Turmi uku ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya. Da ta lura ya fara karantawa yana kallon sama, ta gane ya haddace, ta fizge takardar ta jefa a murhu, ta ce ya sayo wani ƙosan. Cikin kwana goma sha biyu Nomau ya ci ƙosai har rigarsa ta fara kama shi, matan unguwa kuma suka ƙware a adana wake, suka san rabin labarin wani wasan ƙwallo da har yau ba su ji wanda ya ci ba, don man ƙosai ya cinye ƙarshen takardar.

Aikin Tabawa ya yi kyau har ya wuce gona da iri. Nomau ya zama in ya kama shafi ba ya tsayawa sai ya kai ƙasa, ba numfashi, ba waiwaye, idanu sun firfito. Kalmomi daidai suke, sauri kuma ga shi, amma mai sauraro ba abin da yake tsinta. Sau ɗaya ma jiri ya ɗebe shi a layin ƙarshe, sai da aka yayyafa masa ruwan surfe. Tabawa ta ce ita dai ta kunna shi, kashewa ba aikinta ba ne.

Na uku shi ne Mantau, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi, yana zama a tasha yana shan iska. A zamanin da yake kan hanya, in suna jiran lodi kwana da kwanaki, shi ke karanta wa sauran direbobi jarida da wasiƙunsu. Nomau ya je ya nuna masa bajintarsa, ya zazzage masa shafi guda cikin numfashi biyu. Mantau ya ce, "Madalla. To, me takardar ta ce?"

Nomau ya ce, "Ina na sani? Ni karantawa na yi."

Mantau ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce masa motarsa tana da inji, tana da mai, birki ne babu, kuma direban hancin motar yake kallo maimakon hanya. Ya koya masa ya bar idonsa ya riga bakinsa, ya hango inda maganar ta dosa kafin ya furta. Sai ya karanta layi ɗaya da irin muryar da mutum ke magana da ita, Nomau ya bi shi, su sake, su sake. Ya ɗauki jan fensir yana yi masa alama inda zai rage gudu da inda zai tsaya ya ja numfashi, daga baya ya daina alamar ya ce ya nemo wuraren da kansa. Sannan ya sa shi karanta wa fasinjojin da ke jiran mota, in ya gama a tambaye su abin da suka ji. Wata rana wata dattijuwa ta kawo wasiƙar ɗanta daga kudu. Nomau ya manta da birki ya kwarara mata, ba abin da ta kama sai "matata" da "asibiti", nan take ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Mantau ya ce ya sake, a hankali, kamar shi ne ɗan yana gaban uwarsa. Da ya sake sai ga shi matar ta haifi tagwaye ne a asibiti, kowa lafiya. Dattijuwa ta rangaɗa guɗa a tsakiyar tasha. A ranar Nomau ya fara jin abin da bakinsa ke faɗa, kuma ya yi murna har ƙwalla ta zubo masa.

Ranar kasuwa ta zo. Garin kaf ya hallara, har da na ƙauyuka, don labari ya bazu, kuma da yawa dariya suka zo yi. Magatakarda ya jingine babur ɗinsa kusa, lasifika ɗaure a baya, yana ta goge ta da hannun riga. Dagaci ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa. Nomau ya karɓa, ya doki ganga, ya bar idonsa ya yi gaba, ya fara.

Takardar cewa ta yi mai allurar shanu ya haƙura zai dawo ranar Litinin da hantsi. Nomau ya wuce "sanarwa" da "jama'a" da "rigakafi" kamar yana gaida 'yan gidansu. Wani jaki ya ɓarke da kuka a tsakiyar layi na uku, amma karatun bai yanke ba, ya ci gaba da tafiyarsa daidai wa daida. Sai ya ci karo da wata kalma da bai taɓa gani ba. Ya sa babban yatsa, ya bi ta har wutsiya, ya ce, "makiyaya," ya wuce. Da ya zo ƙarshe ya ja numfashi, ya faɗi sauran ɗaya bayan ɗaya yadda kowa zai ji: "Mutum ɗaya ne. Shanu kawai zai duba. Babu shayi." Waɗanda ke kusa sun ce sun ga leɓensa yana motsi, yana so ya ƙara ko da ƙosai ne, amma ya haɗiye.

Dagaci bai yarda da kunnensa kaɗai ba. Ya sa aka kira wata tsohuwa mai daddawa daga can ƙarshen kasuwa, ya tambaye ta abin da aka ce. Ta faɗa masa tiryan-tiryan, rana da lokaci da komai. Sannan ta ce, "Amma ranka ya daɗe, shelar yau ba daɗi. Da can ko ƙarya ce mukan tafi gida da murna." Kasuwa ta kwashe da dariya, magatakarda ya tura babur ɗinsa ya bar wurin, Nomau ya rungume gangarsa kamar an ce za a ƙwace.

Da a nan abin ya tsaya, da ban dame ku ba. Amma dagaci abin ya burge shi. Nan take ya karɓi alƙalami ya rubuta wata takarda a kan gwiwarsa, ya miƙa wa Nomau ya ce ya karanta wa jama'a. Nomau ya karanta tas, cikin murya mai daɗi: dagaci zai buɗe ajin karatu na manya a garin, kuma wanda ya koya wa Sankira karatu shi zai shugabanci ajin, a ba shi sarautar Sarkin Karatu da gona a fadama, sunansa kuwa shi ne... A nan rubutu ya ƙare. Fili ne kawai fari.

Dagaci ya ce, "Baba Sankira, wurin nan kai za ka cike da bakinka. Suna ɗaya na bar wa wuri. In ka faɗi biyu ka yi ƙari, kuma ka san abin da muka yi da kai a kan ƙari."

Nomau ya ɗaga kai. Ga Malam Cindo can yana gyara tabarau, yana murmushin wanda ya san nasa ne. Ga Tabawa ta riƙe ƙugu, da alama in ba a kira sunanta ba katangar da ke tsakaninsu ba za ta tsare shi ba. Ga Mantau ya tura hula gaba yana kaɗa ƙafa. Mutumin da ya shekara talatin bakinsa bai taɓa rasa abin faɗa ba, ranar ya buɗe shi ya kasa rufewa.

To, ga shi a gabanku. Ba don Malam Cindo ba, da Nomau yana nan yana kallon kan kalma yana ƙirƙiro mata jiki, saurin da birkin duk a kan ƙarya za su hau. Ba don Tabawa ba, da kasuwa ta watse yana layi na biyu, kuma ku tuna ita ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma ita ta riƙa zama da shi kullum a gefen turmi. Mantau kuwa ya zo a ƙarshe ya tarar an yi aiki, wannan gaskiya ne, sai dai ba don shi ba da tsohuwa mai daddawa ba ta tsinci komai ba, kuma amsarta ce ta bar wa Nomau gangarsa.

Kada wani ya ce mini a raba gonar uku, dagaci ya riga ya toshe wannan hanya. Nomau yana tsaye, takarda a hannu, kasuwa tana jira. Ku da kuka sha dariya tun ɗazu, ku faɗa mini: sunan wa zai kira?